GYARAN GARKA BAYAN ƊAUKEWAR RUWAN DAMINA

Jawabi ga magidanta da matan gida, na karkara da na birni



Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar nan a ƙarshen watan Satumba, ya leƙa bayan gidaje, zai ga abin da zai faranta masa rai. Kabewa ta yi yaɗo ta haye danga har ta kai bisa jinka, kuɓewa ta kere mutum tsawo, yakuwa ta yi jajir, zogale ya cika da ganye, lalle ya yi fure yana ta ƙamshi, ƙudan zuma suna kai da kawowa. Uwargida ba ta bukatar aiken yaro kasuwa. In ta ɗora tukunya sai ta zaga bayan ɗaki ta tsinko kayan miya. Wannan ɗan fili da akan kewaye a jikin gida shi ne Hausawa ke kira garka, waɗansu kuwa su ce lambun gida.

Amma wannan kyan gani yana ruɗin mutane da yawa. Wanda ya koma wurin nan bayan wata biyu, sau da yawa ba zai tarad da kome ba sai busassun karare da turɓaya, da awaki suna kiwo a inda dā ake tsinkar alayyafo. Daga nan iyali su shiga sayen ganye da tsada, ko kuwa su haƙura da shi har wata damina. Abin da ke raba garkar da ke ciyad da gida shekara zagaye da wadda ke mutuwa tare da damina shi ne aikin da aka yi cikin 'yan makonnin da ke tsakanin ruwan ƙarshe da saukar hunturu. A wannan lokaci ƙasa tana da sauran danshi, ciyawa ɗanya ce, iri ya nuna, rijiyoyi kuma cike suke. Dukiya ce ta ɗan lokaci, wanda bai tattara ta ba iska za ta tafi da ita.

Dalilin da ya sa maganar garka ba ƙarama ba ce

Bayan farin da ya addabi Arewa da ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyad da ƙasa a 1976, zamanin Janar Olusegun Obasanjo, inda aka yi kira ga magidanta da makarantu su nome duk ɗan filin da ke kusa da su. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980. Waɗannan shirye-shirye sun wuce, amma darasinsu yana nan: gidan da ke noma kayan miyarsa ba ya jin zafin kasuwa kamar gidan da ke sayen kome.

Ta fuskar lafiya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya riƙa cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa da ba su gaza giram 400 ba kowace rana. Ganye mai duhun kore, irin su zogale da alayyafo da lalo, da kuma kabewa da karas da gwanda da mangwaro, suna ba jiki sinadarin bitamin A, wanda rashinsa ke kawo wa yara dundumi, ya kuma raunana su gaban kyanda da gudawa. Ganyayen nan suna taimakon mata masu ciki da masu shayarwa wajen ƙarancin jini. Tuwo yana ƙosarwa, amma miya ce ke gina jiki.

Sanin lokaci

Damina ba ta ɗaukewa rana ɗaya a duk faɗin Nijeriya. A Sakkwato da Katsina da Kano da Barno ruwa yakan yanke daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. A Kaduna da Jos da Minna da Abuja yakan kai ƙarshen Oktoba. A Kudu kuwa, wajen Ikko da Badun da Inugu da Fatakwal, sai cikin Nuwamba, wani wuri ma ya zarce haka. Saboda haka kowa ya dubi sararin garinsu, ya kuma saurari hasashen da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ke bayarwa kowace shekara. Da an ga raɓa ta yi yawa da asuba, iska ta fara juyowa daga gabas maso arewa, to lokacin aiki ya yi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Aiki na farko: sharar garka

A fara da zubad da duk ruwan da ya kwanta a tsingaro da gwangwani da tsohuwar taya, a cike ƙananan ramuka da ƙasa. Sauro ba ya bukatar fiye da mako guda zuwa kwana 10 daga ƙwai ya zama mai cizo, ƙarshen damina kuwa shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara.

Sa'an nan a shiga ciyawa, amma da hattara. Duhuwar garka maɓoya ce ta kububuwa da kasa da gamsheƙa, saran maciji kuwa yakan yawaita lokacin kaka. A yi aikin da rana, a sa takalmi mai rufi, a riƙa buga ciyawa da doguwar sanda kafin a sa hannu. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a garzaya da shi asibiti. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibitin da ya shahara wajen wannan magani.

In ambaliya ta ratsa garka, kamar yadda ta faru a jihohi da yawa a 2012 da 2022, kada a ci ganyen da ruwan ya taɓa ɗanye, domin ruwan ambaliya yana ɗauke da ƙazantar masai. A wanke shi sosai a dafa, rijiyar da ruwan ya shiga kuma a yashe ta.

Abin da aka share a kasa shi kashi biyu. Kashi na farko shi ne tumatir da barkono da kuɓewar da suka yi cuta, da ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya, da saiwar kiri-kiri da tofa da aya-aya. Waɗannan a tara su gefe guda a ƙone, domin in an binne su za su dawo. Kashi na biyu, watau sauran ganye da yaɗo da ɗanyar ciyawa, ba na wuta ba ne. Al'adar cinna wa shara wuta gaba ɗaya asara ce babba: sinadarin naitirojin, wanda ke sa shuka ta yi kore, yana bin hayaƙi ya tafi, ƙasa kuma ta zauna tsirara gaban rana da iska.

Aiki na biyu: ramin taki

A haƙa rami a inuwar itace, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1, zurfinsa kada ya wuce mita 1. A shimfiɗa busassun karare a ƙasa don iska ta sami hanya. A bisa su a zuba ɗanyen ganye kamar kaurin taƙi guda, sa'an nan kashin shanu ko na awaki ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan, a rufe da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa hawa-hawa har rami ya cika, a lulluɓe shi da ciyawa. A soka doguwar sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki in an zaro ta aka ji ta da ɗumi da laima, taki yana dahuwa. In ta fito a bushe, a ƙara ruwa. In ta fito da ɗoyi, ruwa ya yi yawa, sai a juya a ƙara busasshen abu. A riƙa juyawa kowane mako 2 ko 3. Cikin kamar wata 3 zai zama baƙi, mai laushi, mai ƙamshin ƙasa.

A Kudu, inda ruwa ke daɗewa, ya fi kyau a yi tsibi bisa ƙasa maimakon rami, don kada ruwa ya kwanta a ciki. Bukatar taki a can ma ta fi ƙarfi, domin yawan ruwan sama yana wanke abincin shuka ya nutsad da shi inda saiwa ba ta kai.

Abin lura shi ne, ɗanyen kashin dabbobi, balle na kaji, yana ƙone ƙananan tsire, yana kuma kawo irin ciyawa. Don shukar farko, kafin ramin bana ya nuna, a nemi tsohon taki daga turke ko garke. Takin zamani yana da amfaninsa, amma ba ya sa ƙasa ta riƙe ruwa. Wannan aikin takin gargajiya ne.

Aiki na uku: adana abin da damina ta bari

Garka takan ba da fiye da abin da gida zai iya ci a ƙarshen damina, ragowar kuwa ita ce miyar rani. Kuɓewa a tsinke ta tun tana ɗanya shataf, a yayyanka, a shanya. Tumatir a tsaga shi a yi kauɗa. Barkono a bar shi ya nuna ja sa'an nan a busar. Yakuwa tana ba da abu uku: ganyen miya, da soɓorodo na sha, da 'ya'yan da akan yi daddawar batso da su. Rama ga ganyen kwaɗo, ga ɓawon igiya. Kabewa a yanke ta da ɗan guntun hancinta, a ajiye a inuwa bisa katako, za ta yi watanni ba ta ruɓe ba.

Ganyaye suna da ƙa'idarsu dabam. Zogale da lalo da alayyafo da karkashi a wanke su, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, domin hasken rana yana cinye musu bitamin. Alamar shanya mai kyau ita ce ganye ya bushe ƙayau amma yana nan kore. Kada a yi shanya a ƙasa ko a gefen titi, inda ƙura da kaji da awaki ke bi. A yi ta bisa tabarma mai tsabta a kan rumfa, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Abin da aka ajiye da sauran danshi yakan yi fumfuna, wani irin fumfuna kuwa yana da dafi mai lahanta hanta. Abin da ya yi fumfuna a zubar, kada a yi ƙyashi.

Aiki na huɗu: zaɓen iri

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ci masu kyau, a bar wa iri ragowar da ba wanda ya so. Abin da mutum ya shuka shi zai girba. Tun garka tana kore ya kamata a zaga a ɗaura ƙyalle a jikin shukar da ta fi lafiya, ta fi yawan 'ya'ya, ta fi saurin nuna, a hana kowa taɓa ta. Kuɓewa a bar ta ta bushe a jikin uwarta har ta fara tsagewa. Kan alayyafo a yanke in ya fara zubad da ƙwaya, a busar a faifai, a murje. Tumatir a matse 'ya'yansa a kwano, a bar su kwana 2 ko 3 su yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa. In iri ya bushe sarai a zuba shi a kwalba ko gora, a haɗa da toka mai sanyi, a toshe baki, a rubuta sunansa da shekararsa, a ajiye nesa da murhu.

Irin albasa ba ya daɗewa, da wuya ya yi tsiro mai kyau in ya wuce shekara guda. Iri mai aure, wanda kamfanoni ke sayarwa cikin gwangwani ko takarda, yana ba da amfani mai yawa a shukar farko, amma 'ya'yansa ba sa gadon uwarsu, don haka ba a ajiye iri daga gare shi.

Aiki na biyar: shinge

Da an gama girbi akan saki dabbobi, akuya guda kuwa ta isa ta cinye aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar. Rigimar maƙwabta da yawa daga nan take tasowa. Yanzu da karan dawa ke ko'ina, a sāke darni, a canja dirkokin da gara ta ci, a toshe ƙasan danga da ƙaya saboda kaji. Mai hangen nesa kuma yakan yi shinge mai rai a jikin na kara, da lalle ko zogale ko aguwa ko bini-da-zugu, don nan gaba ya huta da gyara. Sai dai a ja kunnen yara game da 'ya'yan bini-da-zugu, guba ne, ruwan aguwa kuma yana cutar ido.

Aiki na shida: tsare danshi da auna ruwa

Nan ne zuciyar al'amarin take. Ruwan sama yakan daddaɓe fuskar ƙasa, in rana ta buge ta sai ta yi tauri ta tsattsage. A sassaƙe ta da fartanya sama-sama, a gauraya taki, sa'an nan a lulluɓe da busasshiyar ciyawa ko karmami ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu 3 ko 4. Wannan lulluɓi yana hana rana da iskar hunturu zuƙe danshi, yana kuma danne ciyawa. A bar ɗan fili kewaye da gindin shuka saboda gara.

Da damina bisa kunya ake shuka don ruwa ya wuce. Da rani kuwa a Arewa akan juya abin, a yi fangali mai ɗan zurfi da gefe kewaye don ruwa ya tsaya. Faɗinsa kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba a taka ba.

Kafin a yanke yawan fangali, a zauna a yi lissafin ruwa. Da rani kowane murabba'in mita guda na lambu yana shan kamar lita 5 zuwa 7 a yini. Watau fangali mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1 yana bukatar kusan jarka guda mai lita 20 kullum. Gidan da zai iya ɗebo jarka 4 don lambu, fangali 4 ne rabonsa. Fangali 4 masu ƙoshi sun fi 10 masu ƙishi, kuma yawancin lambunan da ke mutuwa a watan Fabrairu zarin farko ne ya kashe su.

A yi ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, a gindi, ba bisa ganye ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na wankin ganye kada a zubar, a bi da shi garka. Ruwan kwata kuwa kada ya kusanci latas da kabeji da duk abin da akan ci ɗanye. Akwai kuma tsohuwar dabara mai rage wahala: a binne tulu na yumɓu har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi, a rufe bakinsa, a yi shuka kewaye da shi. Ruwa zai riƙa tsatsowa a hankali daidai inda saiwa take.

Aiki na bakwai: shukar hunturu

Sanyin hunturu aboki ne ga tumatir da albasa da kabeji da latas da karas da tafarnuwa. Tumatir ya fi ɗaura 'ya'ya in dare yana da sanyi, zafin Maris da Afrilu kuwa yana kakkaɓe masa fure. Wanda ya makara da reno, bazara za ta riske shi. Kuɓewa ita ba ta son sanyi, gara a jinkirta ta sai iska ta fara ɗumi.

A yi wurin reno a ƙasa mai laushi, a yi masa 'yar rumfa ta ciyawa, a riƙa rage inuwar a hankali. Tumatir da kabeji sukan isa dashe bayan kamar mako 4, tattasai da attarugu mako 5 zuwa 6, albasa mako 6 zuwa 8. A yi dashe da yamma, a shayar nan take. Tsakanin gindin tumatir da ɗan'uwansa a bar santimita 45 zuwa 60, albasa kuwa 10 zuwa 15. Karas ba a dasa shi, a wurinsa ake yafa shi. Alayyafo yakan isa ci cikin mako 3 zuwa 4, saboda haka a riƙa yafa kaɗan-kaɗan duk bayan mako 2, kada ya zo gaba ɗaya ya ƙare gaba ɗaya. A gefen randa, inda ruwa ke ɗiga, a kafa na'ana'a da ɗaɗɗoya.

Tumatir da tattasai da attarugu da gauta da yalo dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Inda ɗayansu ya yi damina kada a mai da wani a wurin. In an tuge tsohuwar shuka aka ga saiwarta ta yi ƙulli-ƙulli, akwai wata ƙaramar tsutsa a ƙasar wadda ido ba ya gani. A kafce wurin a bar rana ta gasa shi, a zuba taki da yawa, a bi shi da albasa ko masara.

Ƙwari da itatuwa

In daji ya bushe, ƙwari sukan taru a duk inda kore ya saura. A riƙa duba bayan ganye kowace safiya. Masu noman tumatir ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. A ƙaramin lambu, tsinke ganyen da ta shiga a ƙone tun da wuri ya fi kowane magani. 'Ya'yan darbejiya ma suna taimako: a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma, a maimaita mako-mako. In ya zama tilas a sayi maganin feshi, a duba lambar rajistar NAFDAC, a nemi shawarar malamin gona, a kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Maganin auduga ba na ganyen miya ba ne, mazubinsa kuma ba na ruwan sha ba ne.

Mangwaro da lemo da gwaiba da aka dasa da daminar bana, raninsu na farko shi ne gwajinsu. A yi musu kwari kewaye da gindi, a lulluɓe, a ba su ruwa mai yawa sau 2 a mako, a kewaye su da ƙaya. Zogale a sare kansa daidai ƙirjin mutum don ya yi rassa, ganye ya zo inda hannu ke kai.

Kammalawa

Babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da ke bukatar kuɗi mai yawa. Fartanya ce da lauje da guga, da haɗin kan mutanen gida: maigida ga shinge da rami, uwargida ga shanya da iri, yara ga ban ruwa kafin makaranta da bayanta. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ofishin aikin gona na ƙaramar hukumarsa. Ta hannunsu ne sakamakon binciken Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da aka kafa a Badun a 1975, ke isa ga manoma.

Garkar da aka share, aka kewaye, aka lulluɓe, aka kuma auna mata ruwa tun a watan kaka, ita ce za a tarar da ɗanyen ganye a cikinta ran da kasuwa ta yi tsada. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a ga ta baɗi lafiya.